Yadda Za Ka Tsara Kwana Shida a Buenos Aires Ba Tare da Ka Tarar da Ƙofofi a Kulle Ba

Abin da yake ɓata wa mutane tafiyar Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ba rashin wurin zuwa ba ne, wuraren zuwa sun ma yi yawa. Matsalar ita ce mutum ya rubuta jerin wurare ashirin a waya ya sauka yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya je wannan ya tarar yau ba sa buɗewa, ya je wancan a ce masa ai kasuwar ranar Lahadi kaɗai take ci. Garin nan da ranakun mako yake tafiya. Don haka kafin ka sayi tikitin jirgi ma, ɗauko kalanda tukuna, ka tabbatar Alhamis da Juma'a da Lahadi sun faɗa cikin kwanakinka, sauran duk a kansu za ka gina. Ni shawarata ka sauka Laraba ka tashi Talata.

To amma bari mu fara da abin da zai hana ka tafiyar gaba ɗaya in ka yi wasa da shi, wato biza. Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma Ajantina tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ka fara nema da wuri, wata biyu ko uku kafin ranar da kake so, ka tanadi takardar banki da shaidar aiki ko kasuwanci da shaidar otal da tsarin tafiyar, kuma kar ka biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito. Tun 2025 dokar shige da ficensu tana neman baƙo ya zo da inshorar lafiya, saboda haka ka haɗa da ita, ka kuma saka katin rigakafin shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa cikin fasfo tunda ta ƙasashe za ka ratsa. Maganar ratsawa, babu jirgin da zai ɗauke ka daga Kano ko Abuja ko Yamai ya dire ka can kai tsaye. Ethiopian Airlines tana bi ta Addis Ababa ta yada zango a Sao Paulo na Brazil sannan Buenos Aires, Turkish Airlines kuma ta Istanbul, wato sai ka yi gabas ko arewa tukuna kafin ka juyo yamma, in ka haɗa da zaman jira za ka haura awa 24 a hanya. Ka tambayi kamfanin jirgin a rubuce ko zangon da za a yi yana buƙatar bizar wucewa, kar ka dogara da "ai wani abokina ya bi".

Lokacin zuwa kuma, ka tuna garin yana kudu da tsakiyar duniya ne, komai a juye yake. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne mai gumi, Yuni zuwa Agusta sanyi ne na gaske mai shiga ƙashi saboda danshi, ba irin wanda rigar sanyi ɗaya take magancewa ba. Oktoba da Nuwamba ko Maris da Afrilu su ne daidai. In da hali ka zaɓi Nuwamba, lokacin ne itatuwan jakaranda suke fure gari ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, kuma lokacin ne ake babbar gasar folo, zan zo kanta. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 4, in ƙarfe 8 na safe ne a can gida sha biyun rana ta yi, ka faɗa wa mutanen gida kar su dinga kiranka da asubarsu.

Masauki. Birnin yana da unguwanni 48 amma uku ne ko huɗu suka shafe ka. Ni Palermo zan ce, ko Recoleta in aljihu da nauyi. San Telmo tana da araha da tsofaffin gine-gine amma da dare wasu layukanta sai a hankali, tsakiyar gari kuma wajen ofisoshi da an tashi aiki yake mutuwa. Dalilin Palermo shi ne masallaci yana nan, gidajen abincin Larabawa suna nan, layin D na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ratsa ta har Plaza de Mayo, babban dandalin tsakiyar gari. Ka nemi ɗaki mai ɗan kicin, zai cece ka a maganar abinci. Wani abin daɗi, banɗakunansu galibi suna da wurin tsarki na ruwa a gefen masai, ba sai ka sha wahalar neman buta ba, duk da haka ka jefa ƙaramar gora a jaka don fita. Alƙibla daga can gabas ce da ɗan karkata arewa. Soket ɗinsu mai baki uku ne a karkace, cajarka ta gida ba za ta shiga ba sai da adafta.

Jirginka a Ezeiza zai sauka, wajen gari ne, sama da kilomita 30, in akwai cunkoso awa guda ce cur. Kar ka bi duk wanda ya tare ka a ƙofa yana cewa tasi. Ko dai ka biya a kanta a cikin filin jirgin, akwai bas ɗin Tienda Leon da motocin haya masu rajista, ko ka kira Uber ko Cabify. A cikin gari kuma kati ɗaya ne mai suna SUBE yake biyan bas da jirgin ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa, ana sayensa ana loda masa kuɗi a tashoshi da ƙananan shagunan da suke kira kiosko. Jirgin ƙarƙashin ƙasan nasu Subte sunansa, tun 1913 yake aiki, shi ne na farko a duk Latin Amurka, layi shida ne A B C D E da H, kuma yanzu ƙofofinsa suna karɓar katin banki na taɓawa. Bas kuwa dare da rana yake yawo, sai dai ba ya tsayawa in ba ka ɗaga hannu ba, in ka shiga ka faɗa wa direba inda za ka sauka sannan ka taɓa kati.

Kuɗi ne wurin da ba zan ba ka farashin komai ba, don duk lambar da aka rubuta kan tsufa kafin a karanta, ƙasar da hauhawar farashi ya kai kashi 211 cikin ɗari a 2023 ce fa. Shekaru da dama akwai canjin gwamnati akwai na bayan fage da suke kira dala shuɗiya, tazarar kuma babba, amma tun da aka sassauta takunkumin sayen dala a Afrilun 2025 tazarar ta ragu sosai. In ka bi titin Florida za ka ji 'yan canji suna ta "kambiyo, kambiyo" kamar ka shiga Wapa, to ba dole ne ka bi baƙon mutum cikin lungu saboda 'yar riba ba, akwai gidajen canji masu lasisi. Ka zo da dala 'yan ɗari-ɗari sababbi marasa tabo ko yagewa, tsofaffi da ƙanana ana karya musu farashi. Katin naira kar ka ɗora rayuwarka a kansa, ka zo da katin dala, kuma cire kuɗi a na'urar banki a can cajinsa mai zafi ne ga abin da take bayarwa kaɗan. A gidan abinci ana barin kamar kashi goma na ma'aikaci, sannan za ka ga wani caji a takarda mai suna kubiyerto, na burodi da shimfiɗar tebur ne, ba cuta ba ce haka al'adar take.

Yanzu kwanakin. Laraba kar ka tsara komai, ka yi wanka ka yi barci ka zaga unguwarku da yamma ka sayi SUBE da layin waya da ruwa, shi ke nan.

Alhamis ta tsakiyar gari ce kuma da dalili. Ka fara da safe daga majalisar dokoki ka gangaro ta Avenida de Mayo a ƙafa, za ka wuce dogon ginin Palacio Barolo na 1923, ka tsallaka Avenida 9 de Julio, titin da faɗinsa ya sa da wuya ka ƙetare shi a danja ɗaya, daga nan kana hango Obelisco, hasumiyar nan fara mai tsawon mita 67 da aka gina a 1936, wadda duk murnar cin kofi a gindinta ake yi. Cafe Tortoni yana kan hanyar, tun 1858, kullum da layi a ƙofa, in layin ya yi tsawo ka leƙa ka wuce, kofi ne dai. Ƙarshen titin shi ne Plaza de Mayo, ga fadar shugaban ƙasa Casa Rosada mai launin hoda, ga tsohon ginin majalisar gari Cabildo inda aka yi juyin watan Mayun 1810, mafarin neman 'yancin ƙasar daga Sifaniya, ga babbar majami'ar da kabarin Janar San Martin, gwarzon yaƙin 'yancin ƙasar, yake ciki sojoji na gadinsa, nan ne ma Fafaroma Francis ya yi shugabanci kafin a zaɓe shi a 2013. Ka lissafa yadda ƙarfe 3:30 na yamma za ta same ka a dandalin. A wannan lokacin duk Alhamis iyaye matan da sojoji suka sace musu 'ya'ya a mulkin 1976 zuwa 1983 suke zagaya ginshiƙin tsakiyar filin da fararen kallabi, sun fara tun 1977 lokacin da taron mutane laifi ne, 'yan sanda suka ce musu ba a tsayawa sai su kuma suka kama zagaye. Ƙungiyoyin kare haƙƙi suna cewa mutum 30,000 aka ɓatar. Waɗanda suka rage a raye cikin iyayen sun tsufa tukuf, wasu a keken guragu ake turo su, jikoki da magoya baya ne suke cika sahun. Minti talatin ne kawai amma ni a ganina wanda ya zo garin bai ga wannan ba gine-gine kawai ya gani. In abin ya taɓa ka, akwai tsohuwar makarantar sojan ruwa ta ESMA a arewacin gari inda aka tsare kusan mutum 5,000, yanzu gidan tarihi ce, UNESCO ta saka ta a jerinta a 2023. Gidan wasan Teatro Colon na 1908 shi ma yana kusa da Obelisco, ana zagayawa da baƙi ciki amma ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar.

Juma'a Palermo. Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd tana kan Avenida Bullrich, 'yar tafiya kaɗan daga tashar Palermo ta layin D, an buɗe ta a 2000, Saudiyya ce ta gina a filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, shi Menem ɗin iyayensa 'yan Siriya ne. Tana cikin manyan masallatan Latin Amurka gaba ɗaya. Ka duba lokacin huɗuba tun ranar Alhamis, ka je da wuri da fasfo a aljihu don akwai masu gadi a ƙofa. Akwai kuma masallacin Al-Ahmad a unguwar San Cristobal, ya girme shi, tun shekarun 1980. Amfanin zuwa Juma'a bai tsaya ga sallah ba, nan ne za ka tambayi mutane ina ake sayar da naman halal yanzu, wane gidan abinci ne na gaske wane ne suna kawai, kuma za ka haɗu da 'yan Senegal, su ne mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma a garin, da yawa suna kasa kaya a unguwar Once. Kafin sallah ka zaga lambunan Palermo, akwai lambun wardi da tafki, shiga kyauta. Bayan sallah in Nuwamba ne ko farkon Disamba ka taka zuwa Campo Argentino de Polo, yana nan kusa da masallacin, inda ake gasar da ta fi kowace gasar folo daraja a duniya. Wanda ya taso yana kallon folo a Katsina ko Kano ko Kaduna ya san dokin Ajantina ba sai an yi masa bayani ba, to ga gidansu. Manyan wasannin sun fi faɗawa ƙarshen mako, ka duba jadawali, in Asabar ne ka musanya. Gidan zane na MALBA ma yana yankin, shi Talata yake rufewa.

Tunda mun zo nan bari in yi maganar ci, don ita ce za ta fi ba ka aiki. Ƙasar nama ce, naman shanu kamar ba gobe, amma alade yana ɓuya a wuraren da ba ka zata ba. Choripan ɗin da ake sayarwa a bakin titi yana ƙamshi, tsiran alade ne a burodi. Chorizo da morcilla da bondiola da panceta da jamon duk ka kauce, milanesa napolitana ma, soyayyen naman nan mai cuku a sama, akwai yankan alade a ƙarƙashin cukun, kuma a gidan gashi duk a kan waya ɗaya ake gasa su da na shanun. Ka haddace "sin jamon, sin serdo", wato ban da alade. Maganar yankan shanun kuwa kowa da malaminsa, mai son kwanciyar hankali ya sayi na halal ya dafa a ɗakinsa ko ya tsaya ga gidajen da aka nuna masa a masallaci, wasu kuma suna zuwa gidajen abincin Yahudawa a Once. Abin da ba shi da rigima yana da yawa, fiza mai albasa da cuku da suke kira fugazzeta, taliya iri-iri tunda rabin garin jikokin Italiyawa ne, empanada, wato irin fatensu mai kama da meat pie, ta masara ko ta cuku da albasa sai dai ka tambayi kitsen da aka kwaɓa da shi, ga askirim ɗinsu na dulce de leche, wato madarar da aka dafa da sukari, ka dai lura wasu ɗanɗanon akwai giya ciki. Sannan ba sa cin abincin dare da wuri, ƙarfe 8 ka shiga gidan abinci kai kaɗai ne, sai 9 zuwa 10 ake cika.

Asabar Recoleta da safe, La Boca da rana, ko ka juya su. Maƙabartar Recoleta ta 1822 gari ce guda ta ɗakunan marmara da layuka, baƙi suna biyan kuɗin shiga, yawanci kabarin Eva Peron suke nema, matar tsohon shugaban ƙasa Juan Peron, wadda ta rasu a 1952 tana da shekara 33, kuma ba sunan Peron za ka nema ba, a ɗakin danginta Duarte take. In yawon maƙabarta bai kwanta maka ba ka bar shi ba ka yi asara ba, gidan zane na ƙasa Bellas Artes yana tsallake, ga ƙaton furen ƙarfen nan Floralis, ga El Ateneo Grand Splendid a kan Avenida Santa Fe, tsohon gidan wasa na 1919 da aka mayar kantin littattafai, wannan ko ba ka jin Sifaniyanci ka shiga.

La Boca kuwa gaskiya Caminito layi biyu ne zuwa uku na gidajen kwano masu fenti kala-kala da masu rawar tango da masu neman ka ɗau hoto ka biya, awa ɗaya ta isa. Abin zuwa shi ne La Bombonera, filin Boca Juniors na 1940, da gidan tarihinsa. Ka je da rana, ka je a mota ka dawo a mota, kar ka ce bari in yanke ta layin baya, da yamma ta yi ka bar unguwar. Tikitin wasan Boca kusan na 'yan ƙungiya masu rajista ne kawai, wanda ya tare ka a titi da tikiti kar ka saya, kuma a 2013 an hana magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta shiga wasannin lig, sai a 2025 aka fara sassautawa, don haka duk filin da ka je kar ka sa kalar abokan gaba, ja da fari a La Boca neman magana ne, kalar River Plate ce. Amma rigar Super Eagles tana buɗe hira, sun san mu sarai, sau biyar muka haɗu a kofin duniya, 1994 da 2002 da 2010 da 2014 da 2018, duk suka ci, wasan 1994 ɗin ma shi ne na ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa. In suka fara tsiya ka tuna musu wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta 1996, mu muka ci su uku da biyu.

Lahadi San Telmo, ba tattaunawa. Kasuwar tana cin titin Defensa tun daga kusa da Plaza de Mayo har Plaza Dorrego, kayan da, fatu, kofunan shan mate wato shayin ganyensu, tsofaffin kuɗi, makaɗa a kowace kusurwa. Ka isa wajen 10 na safe kafin a cushe, tsaraba a nan za ka yi ta, kayan fata musamman, amma ba a ciniki irin na raba farashi biyu, ɗan ragi ne in za ka biya da tsabar kuɗi. Rufaffiyar kasuwar San Telmo ta 1897 tana nan ciki don abincin rana. Cunkoson nan ne wurin 'yan sane, jaka a gaba, waya a aljihun gaba. Akwai wata tsohuwar dabara, a watsa maka wani abu mai wari a riga sai wasu su zo da tishu suna taya ka gogewa, kafin ka farga jaka ta tafi, in ya faru kar ka tsaya ka ci gaba da tafiya. Kar kuma ka tsaya bakin titi kana latsa waya, masu babur suna fizga. Ka dinga duba ƙasa ma, garin masu karnuka ne, za ka ga mutum ɗaya riƙe da igiyar karnuka goma, kashinsu a kan hanya ba ya ƙarewa, ga mai sallah da takalmi da bakin wando wannan abin lura ne. Da la'asar ka gangara Puerto Madero, tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka gyara, ka taka gadar Puente de la Mujer.

Litinin yawancin gidajen tarihi a rufe suke, shi ya sa ita ce ranar barin gari. Ka hau jirgin layin Mitre daga tashar Retiro zuwa Tigre, kamar awa ɗaya, da SUBE ɗinka, can ne kogin Parana ya rarrabu ya zama tsibirai, mutane suna zaune a ciki kwale-kwale ne motarsu, har mai kai kayan miya a jirgin ruwa yake zuwa. Ka hau jirgin fasinja na katako da mazauna suke hawa ya fi na 'yan yawon buɗe ido araha da daɗi. Za ka ji ana ta cewa ka tsallaka Colonia ta jirgin ruwa, awa ɗaya da 'yan mintuna ne, to Colonia a Uruguay take, wata ƙasa ce, masu ba da shawarar fasfonsu ba irin naka ba ne. Sai da bizar Uruguay, sannan in bizarka ta Ajantina ta shiga ɗaya ce ka fita ke nan.

Abu biyu da za su ba ka mamaki, gaisuwarsu sumbatar kunci ce ko tsakanin maza, in ba ka so ka riga miƙa hannu ko ka ɗora shi a ƙirji da murmushi, ba sa jin haushi. Sannan baƙar fata ba su da yawa a garin, za a kalle ka, in ka sa kaftani da hula ma har hoto za a nema. Turanci bai wadata ba, ka sauke Sifaniyanci a Google Translate yadda zai yi aiki ko babu data.

Talata ka bar otal awa huɗu zuwa biyar kafin tashin jirgi, hanyar Ezeiza ba ta da tabbas musamman in an yi zanga-zanga an tare titi, abin da ba baƙo ba ne a garin. Ka duba tikitinka da kyau cewa EZE aka rubuta ba AEP ba, don akwai wani filin jirgin, Aeroparque, a cikin gari. Peso ɗin da ya rage maka, wato kuɗin ƙasar, ka kashe shi a can kan biskit ɗinsu alfajores na tsaraba ko ka mayar dala kafin ka shiga filin jirgi, in ka dawo da shi gida babu ɗan canjin da zai karɓa.